Na canza sikirin amma tacin bai daidaita ba: laifin waya ne ko na mai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ar POS nake yi, da wayata ta Android nake duba alat ina tura kuɗi. Ta faɗi gilashin ya fashe, na kai aka sa mini sabon sikirin, yau mako uku ke nan. Tun daga ranar gefen ƙasa wani lokaci ba ya jin taɓawa sai na danna sau biyu ko uku, in kuma na sa ta a caji sai ta dinga danna kanta tana buɗe abubuwa. Na koma wurin mai gyaran, ya ce sikirin ɗinsa lafiya lau yake, IC (ɗan guntun lantarki mai sarrafa taci) ne ya taɓu a fanel (babban allon cikin waya), in ƙaro kuɗi. Gaskiya ne? Ko in sake canza sikirin, ko in sayar da ita in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya. Na daɗe ina gyaran waya a Kano, kuma da wuya mako ya wuce ba a kawo mini irin wannan ba. Kada ka ƙara ko kwabo tukuna, kada kuma ka sayar. Ciwo biyu ka kawo mini, kai da mai gyaranka kuna ɗaukar su ɗaya. Danna kanta a caji daban, ƙin jin taɓawa a gefen ƙasa daban, kuma kowanne akwai gwajin da za ka yi masa da hannunka a gida.

Kafin gwajin, akwai abin da ba ka faɗa ba, kuma shi ne rabin amsar. Ranar da wayar ta faɗi, kafin ka kai ta gyara, tacin yana aiki a ƙarƙashin fasasshen gilashin? Idan ka iya buɗe ta, ka yi kira, ka rubuta saƙo, har gefen ƙasan nan yana amsawa, to fanel ɗinka lafiya ya shiga shagon nan. Duk abin da ya bayyana bayan haka, ko dai daga sabon sikirin ne, ko daga yadda aka ɗora shi. Idan kuwa tun a ƙasa ta mutu ɗif, ba hoto ba taci, to babu wanda ya san halin da fanel yake ciki a lokacin, kuma maganar mai gyaran tana da wurin zama. Ka tuna da kyau, don a kan wannan za ku yi magana.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don da ka fahimce shi sauran duk za su zo da sauƙi. Wayoyin taci na farko da suka shigo mana, irin su Nokia 5800 ta 2008, leda biyu ce a saman juna, sai ka danna sun haɗu wayar take sani. Shi ya sa farce da tsinke suke aiki a kansu, kuma ƙara ƙarfi yana taimakawa. Na yanzu ba haka suke ba. A ƙarƙashin gilashin akwai layuka sirara, na tsaye da na kwance kamar saƙar tabarma, an yi su da wani sinadari mai haɗin indiyam da kuza wanda wuta take bi ta cikinsa amma ido ba ya ganinsa. Wani ɗan ƙaramin IC yana sakin wuta kaɗan ƙwarai a cikin layukan, yana auna kowace mahaɗa, a wayoyi da yawa fiye da sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Jikin ɗan Adam ruwa ne da gishiri, wuta tana bin sa, to da yatsa ya kusanto sai ya ɗauke ɗan kaɗan daga wutar mahaɗar da ke ƙarƙashinsa. Wannan ɗan ragin ne IC yake karantawa ya ce ga inda aka taɓa. Ba ƙarfin danni ake aunawa ba. Masu danna sikirin da ƙarfi in ya ƙi amsawa, wahalar da gilashin kawai suke yi.

Tunda abin da ake aunawa ƙanƙane ne haka, duk abin da ya shigo da wata wutar daban zai rikita shi. A nan cajarka ta shigo.

Caja mai kyau tana da kayan tace wuta a cikinta, ta karɓi ta bango ta miƙa wa waya a natse. Ta araha an rage mata waɗannan kayan, sai wutar ta shigo da ƙazanta, tana rawa. Rawar nan tana bin jikin wayar duka har ta kai ga layukan tacin, IC ya ɗauka yatsu ne ake ɗora masa a wurare goma. Sai ka ga manhajoji suna buɗe kansu, haruffa suna rubuta kansu, wasu har su fara zargin an yi musu kutse ko wani abu na ɓoye. Ku masu POS kun fi kowa shan wannan, don yawancinku da ƙaramin janareta ko inbata mai araha kuke caji, ko ku miƙa wa mai cajin kasuwa, inda waya 30 suke kan layi ɗaya. Gwajin ba wuya. Lokacin da take haukan, zare caja. Idan ta natsu nan take, ka kama ɓarawon. Sai ka ari caja ta asali da igiyarta wurin wani, ka gwada a wutar gida. Ka kuma gwada da fawa banki wanda ba a jone yake da bango ba, don batir ba ya kawo irin wannan rawar. Idan da fawa banki lafiya lau, da cajarka kuwa hauka, babu ruwan IC na fanel a wannan ɓangaren. Igiya ma tana yi, musamman wadda ta fara tsagewa a wuya. Idan kuma kana jin ɗan tsikari a yatsa in ka taɓa ƙarfen gefen wayar tana caji, ka rabu da cajar nan yau, don maganar ta wuce ta taci, ta koma ta lafiyarka.

Sai dai kada in zalunci cajar. Za ka iya ce mini, ai da ita nake caji shekara guda ba ta taɓa yi ba. Na yarda. Sikirin da ya zo da waya daga kamfani yana da kariya daga irin wannan rawar, kuma an daidaita IC ɗinsa da wannan wayar takamaimai. Na kasuwa mai sauƙin kuɗi kariyarsa ba ta kai ba. Cajar da tsohon sikirin yake jurewa, sabon ya kasa. Ka ga ke nan laifin ya rabu biyu, kuma caja mai kyau takan rufe matsalar ko da sikirin bai kai na asali ba. Ta fi sabon sikirin araha nesa ba kusa ba, shi ya sa nake cewa a fara da ita.

Kafin ka warware wannan, don Allah kada ka tura kuɗi waya tana jone da caji. Sifili ɗaya da za ta ƙara da kanta ya isa ya cinye ribar wata.

Yanzu gefen ƙasa. Fara da cire sikirin gad da rigar wayar, ka goge gilashin da tsumma mai taushi. Gad mai kauri, ko wanda ya ɗago a gefe iska ta shiga, yana nisanta yatsa daga layukan, kuma a gefuna aka fi jin haka. Wayoyin Samsung da Pixel har suna da wurin ƙara jin taɓawa a saiti saboda masu sa gad. Yatsa ma a duba shi. Da hunturu fata takan bushe ƙayau, mai aikin ƙarfi kuma yatsunsa sun yi kanta, busasshiyar fata kuwa ba ta ɗaukar wuta sosai. Idan kai ta ƙi ka amma ta amsa wa yaronka, shafa mai kaɗan ka goge, ka sake gwadawa. Da zafi akasin haka ne, gumi da ɗigon ruwa su suke zama yatsun ƙarya. Apple ya rubuta cewa an yi wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40, ga waya a kan tebur ƙarƙashin lema tun safe. Zafi yana sa taci nauyi, yana kuma sassauta gam.

Idan duk wannan bai canza komai ba, sai ka sa wayar ta nuna maka ciwonta da kanta. Shiga saiti, wurin bayanin waya, ka nemo inda aka rubuta Build number ka taɓa shi sau 7. Wani sabon sashe zai buɗe mai suna Developer options. A ciki ka kunna Pointer location. Daga nan duk inda yatsanka ya bi zai bar zane. Ja layi a hankali daga sama zuwa ƙasa, ka matsa ka sake, har ka gama faɗin sikirin, sannan ka ja na kwance. A yawancin Samsung ma danna *#0*# a wurin kira yana buɗe gwajin taci kai tsaye. Abin da kake nema shi ne inda zanen yake yankewa. Idan kullum a wuri ɗaya yake yankewa, a miƙe sambal kamar an ɗora rula, layi ɗaya ne ko biyu daga cikin saƙar nan suka katse, ko ba sa isa ga IC. Wannan ciwon sikirin ne ko na mahaɗinsa, babu manhajar da take yin haka. Idan kuwa zanen ba ya yankewa amma yana bin yatsanka a makare ko'ina, ka duba ko ma'ajiyar wayar ta cika, ka kuma tashe ta a Safe mode, inda manhajojin da ka sauke duk suke tsayawa. In ta warke a can, wata manhaja ce take shaƙe ta. Ka ɗauki bidiyon gwajin nan da wata wayar, zai yi maka amfani a shago.

Ka ce wani lokaci yake yi, kuma a ƙasa. Wannan ya sa zuciyata ta fi karkata ga ɗauri. A yawancin wayoyin yanzu, siririyar igiyar nan mai faɗi da muke kira fileks daga ƙasan sikirin take fitowa, ta lanƙwaso ta baya. Waya in ta faɗi da kusurwa, firam ɗinta yakan ɗan lotsa, abin da ido ba zai kama ba sai an ɗora ta a kan gilashin tebur. Mai gyara mai sauri ba ya miƙe firam, ba ya kankare tsohon gam da ɓarɓashin gilashi, sai ya matsa sabo a kai. Fileks ya matsu, yau ya yi aiki, gobe da zafi ya ƙi. Ko kuma mahaɗin bai zauna daram ba, gefe ɗaya ya shiga ɗaya yana reto. Akwai kuma batir. An taɓa kawo mini wata waya da aka canza wa sikirin sau biyu a wata biyu, kowanne sai ya fara danna kansa a tsakiya. Da na buɗe, batir ne ya kumbura yana turo sikirin daga ciki. Batir na canza, sikirin na biyun nan na mayar, ya zauna lafiya. Dubi wayarka ta gefe, in ka ga bayanta ya ɗago ko sikirin ya rabu da firam, kada ka danna shi ya koma, kumburarren batir yana iya kamawa da wuta.

Sai maganar IC. Ba zan ce ɗan'uwana mai gyara ƙarya yake yi ba, ban ga wayar ba. Ciwon yana nan, kuma yana da tarihi. iPhone 6 Plus da ta fito a 2014, IC ɗin tacinta a kan fanel yake. Wayar doguwa ce, tana ɗan lanƙwasa a aljihu, a hankali dalmar da ke ƙarƙashin IC ta tsattsage, sai wani ratsi mai ruwan toka ya dinga walƙiya a saman sikirin, taci ya ɗauke. Mutane sun yi ta canza sikirin a banza. A Nuwamba 2016 Apple ya buɗe shirin gyara ta a kan dala 149. Mu da muka yi aiki a lokacin mun sha ɗaga wannan IC ɗin da bulowa, na'urar nan mai hura iska mai zafi, kuma tun daga nan kalmar ta zauna a bakin masu gyara. Amma a mafi yawan wayoyin Android na yanzu, IC ɗin taci a jikin sikirin yake, ko a kan fileks ɗinsa, ko a haɗe da wanda yake kunna hoto. Wato ranar da aka sa maka sabon sikirin, an sa maka sabon IC tare da shi. Abin da ya rage a fanel shi ne mahaɗi, da 'yan ƙananan kayan da suke kai wa tacin wuta da saƙo. Suna lalacewa, ko da faɗuwa, ko da ruwa, ko in mai gyara ya jona sikirin bai cire batir ba. Sai dai in su ne suka mutu, yawanci tacin gaba ɗaya yake ɗaukewa. Ratsi ɗaya a ƙasa, mai zuwa yana tafiya, bai yi kama da su ba.

Gani ya kori ji. Hanyar raba gardamar ɗaya ce, kuma kowane mai gyara ya san ta: a buɗe wayar, a jona wani sikirin daban ba tare da an sa gam ba, a yi gwajin zanen nan a gabanka. In na biyun ya amsa ko'ina, na farkon ne mai laifi ko ɗaurinsa. In shi ma ya yanke a daidai wurin, to fanel ne, ka ba shi haƙuri ku yi cinikin aikin. Kafin ma a kawo na biyun, a ɗago naka daga firam a gwada shi a sake. Sau da yawa da ya bar matsi sai ya warke, aikin ya koma miƙe firam da sake ɗauri.

Ya kamata ka san abin da yake sa masu gyara turjewa, don ka san yadda za ka shigo masa. Dillalan da muke sarin sikirin a wurinsu, ko a Farm Centre da titin Beirut a nan Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, galibi ba sa karɓar sikirin da aka ɓare ledarsa aka sa masa gam. Ƙa'idar ita ce ka gwada kafin ka manna. Wanda ya manna bai gwada sosai ba, asarar a kansa take, shi ya sa yake neman wata ƙofar. Kuma sikirin yakan zo da aibinsa tun daga masana'anta, ba sai an yi niyyar cuta ba. Apple kansa ya canza wa masu iPhone X sikirin kyauta daga 2018 saboda matsalar taci, ya sake yin haka a 2020 ga iPhone 11 da aka ƙera tsakanin Nuwamba 2019 da Mayu 2020. To ina ga na kasuwa. Ka je masa da safe kafin shago ya cika, ba a gaban kwastomomi ba. Ka ce, Injiniya, ga bidiyon da na ɗauka, ga inda yake yankewa, ina so mu jona wani mu gani, in fanel ne ni zan biya. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. In ya tabbata sikirin ne, adalci shi ne ya canza ba tare da kuɗin aiki ba, in kuma kana son wanda ya fi shi daraja ka cika bambancin. In ya ƙi gwajin gaba ɗaya, kasuwannin waya suna da shugabanni masu sasanta irin wannan, a fara da su. Hukumar FCCPC ta tarayya ma tana karɓar koken masu sayen kaya da aiki, amma ƙaramar magana irin wannan a kasuwa ta fi saurin mutuwa.

Ka tambaye shi kuma wane iri ya sa maka, don sikirin hawa-hawa ne. Akwai na asali da aka ciro daga wata wayar. Akwai na asali da gilashinsa ya fashe aka sake masa sabon gilashi, shi ma yana da kyau in hannun da ya yi ya iya. Akwai kwafin OLED, sannan akwai insel, wanda nau'in LCD ne ba OLED ba, shi ne mafi araha. Wayar da ta zo da OLED in aka sa mata insel, yakan fi na asali kauri, ba ya zama daidai a firam, yana shan batir, kuma in na'urar karanta zanen yatsa a cikin sikirin take, ta daina aiki ke nan. Ba haramun ba ne a sa insel, ni ma ina sa wa wanda aljihunsa bai kai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa shi a kira shi orijinal. Ga mai sana'a irin taka, da yatsansa yake kan sikirin daga safe zuwa dare yana rubuta lambobin asusu, araha ba ta ado, ka sa mafi kyawun da za ka iya.

In ya ce a yi filashin, wato a share wayar a sake sa mata manhajarta daga farko, kada ka yarda da shi a matakin farko. Gaskiya ne manhajar waya takan yi rigima da sikirin kasuwa, an gani a 2018 lokacin da iOS 11.3 ya kashe tacin wasu iPhone 8 da aka canza wa sikirin, sai da 11.3.1 ya fito suka dawo. Amma wannan dukan tacin yake ɗaukewa bayan sabuntawa. Filashin ba ya haɗa layin da ya katse, abin da zai yi maka kawai shi ne share komai naka.

Tunda wayar kuɗi ce, kafin ka miƙa ta ka cire layinka da katin memori, ka fita daga manhajojin banki, ka ajiye lambobi da hotuna a wani wuri. Kada ka ba da lambar buɗe waya, in ana son gwaji ka buɗe da hannunka kana tsaye. Sababbin Samsung suna da Maintenance mode da yake ɓoye kayanka ya bar wa mai gyara wayar fanko. Danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a ba ka rasit mai ɗauke da irin sikirin da kwanakin garanti, ko na mako biyu ne a rubuta. Idan wata rana tacin ya mutu gaba ɗaya kayanka suna ciki, linzamin kwamfuta da ɗan mahaɗin OTG, wanda yake jona linzamin da ramin caji, suna buɗe yawancin wayoyin Android, kibiya ta fito ka yi abin da za ka yi. Wanda kuma wayarsa take cikin garanti ba ta faɗi ba, taci ya fara yi masa haka kawai, ya nufi ofishin kamfanin, kamar Carlcare ga masu Tecno, Infinix da itel, kafin wani ya buɗe ta a kasuwa garantin ya tashi.

Sayarwa ita ce ta ƙarshe. In gwaji ya nuna fanel ne, kuma kuɗin aikin da wanda ka riga ka kashe sun doshi rabin kuɗin irinta ta hannu, ni ba zan ƙara zuba mata kuɗi ba, don fanel da aka yi wa wuta ba kullum yake daɗewa ba. A nan sayarwa tana da hujja, da sharaɗin ka faɗa wa mai saye aibinta, ka san hukuncin ɓoye aibi a ciniki. Amma da abin da ka bayyana, ban ga alamar za a kai nan ba. Na fi zaton caja ce da sikirin mai rauni suka haɗu a ɓangaren caji, a ƙasa kuma matsi ne ko mahaɗi.

Ka yi gwajin yau da daddare bayan ka tashi daga aiki, ka turo mini abu huɗu: samfurin wayar, ko tacin yana aiki bayan faɗuwar kafin gyara, abin da ta yi da fawa banki, da hoton inda zanen ya yanke. Da su zan faɗa maka ko a sake ɗauri ne ko a canza sikirin, kafin ka koma shagon.